Ɗakin da Aka Toshe wa Tagogi a Angers

Angers gari ne a yammacin Faransa, a bakin kogin Maine. Wanda ya hau jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Montparnasse ta Paris zai isa cikin kamar awa ɗaya da rabi. Ba ya cikin garuruwan da mutanenmu ke ambata in sun dawo daga can, ni ma da ba don ɗan ƙanwata ba, haifaffen Maraɗi da ke karatu a jami'ar garin, da wuya ƙafata ta taka shi. Yaron ya san ni da bin masaƙa da marina da tambaya, don haka da ya ji ina Paris sai ya kira ni ya ce, "Kawu, in ka koma gida ba ka zo nan ba, ka yi asara. Akwai wata saƙa a garin nan mai tsawon mita 100, ta haura shekara 600, kuma har yanzu tana rataye." Na ce masa ya jira ni a tasha.

Daga tashar zuwa tsohuwar fadar garin ba nisa, da ƙafa muka je. Abin da ya fara tare mana ido ganuwa ce mai hasumiya 17, an gina ta da baƙin dutse ana ratsa shi da fari, layi bisa layi. An ɗora harsashinta a wajen 1230, lokacin da Sarki Louis na Tara yake matashi, mahaifiyarsa Blanche ke riƙon ƙasa. Hasumiyoyin kusan duk guntaye ne, ba rufi a kansu, domin a ƙarshen ƙarni na 16 Sarki Henri na Uku ya ba da umarni a rushe fadar, gwamnan wurin ya yi ta jan ƙafa, ya tsaya ga sare kawunan hasumiyoyin kawai. Gwalalon da ya kewaye ganuwar ya zama lambun furanni. Muka haye gada, muka yanki tikiti, muka ratsa tsakar gida zuwa wani dogon gini mara tsayi da ya lafe a jikin ganuwa. Ba shi da wani kwarjini. Mutum zai iya wuce shi bai waiwaya ba.

Da ƙofa ta rufe a bayanmu sai duhu ya karɓe mu. Na dafa kafaɗar yaron na tsaya, don ban ga inda zan sa ƙafa ba. Iskar ɗakin da sanyi-sanyi, ba ƙura, ba warin komai. Sannu a hankali ido ya saba, sai bangon da ke gabanmu ya fara fitowa: ja, shuɗi, ja, shuɗi, hotuna jeri biyu, na sama da na ƙasa, sun miƙe har inda ido ya gaza, can kuma suka karya kwana suka ci gaba. Mutanen da ke ciki magana suke ƙasa-ƙasa, alhali ba wanda ya ce su yi hakan.

Wannan ita ce dardumar bango da Faransawa ke kira Tenture de l'Apocalypse. Labarin da ke jikinta daga littafin Wahayi ne, littafi na ƙarshe a Baibul, wanda Kiristoci ke dangantawa da Yohanna, da ya rubuta shi a tsibirin Patmos a ƙarshen ƙarni na farko. Labarin nasu ne, bisa aƙidarsu, amma duk wanda ya tashi yana jin wa'azin tashin alƙiyama ba zai tsaya a gabanta kamar baƙo ba. Ga mala'iku suna busa ƙaho. Ga taurari suna faɗowa, teku ya koma jini, jirage na nutsewa da mutanen cikinsu. Ga fari masu fuskar mutane suna fitowa daga rami. Ga dabba mai kai bakwai ta fito daga teku tana karɓar sandar mulki daga hannun dodo, jama'a sun durƙusa mata. Ga birnin Babila yana rushewa, hasumiyoyinsa na kifewa, mutane na gudu suna waige.

Na daɗe a gaban mahayi na huɗu, wato Mutuwa. Gawa ce da ta bushe, haƙora a waje, tana bisa doki mai launin toka, takobi a hannu, tana tafe a natse tsakanin itatuwa biyu. Ba sukuwa take ba. Wannan natsuwar ce ta fi tayar mini da hankali, don wanda ya zana ta ya san cewa ba ta da dalilin gaggawa.

Amma abin da ya fi kama ni Yohanna ne kansa. A kusan kowane hoto yana nan a gefe, tsaye a bakin wani ɗan ƙaramin ɗaki, yana kallon abin da muke kallo. Wani wuri ya dafe kunci, wani wuri yana kuka, wani wuri ya ja da baya ya maƙale a cikin ɗakin nasa yana leƙe, wani wuri ya fito gaba ɗaya ya karɓi littafi daga hannun mala'ika yana ci. Da zaren ulu aka yi wannan fuskar, kuma ko sau ɗaya ba ta maimaita kanta ba. Na bi shi daga farko har ƙarshe, na dawo na sake bin sa. Ɗan ƙanwata ya gaji ya zauna a matakalar da ke fuskantar bangon ya bar ni.

Wanda ya sa aka saƙa ta Louis na Ɗaya ne, mai sarautar Anjou, ƙanin Sarki Charles na Biyar. In ka san rayuwarsa ba za ka yi mamakin labarin da ya zaɓa ba. An haife shi a 1339, yaƙin Faransa da Ingila da aka yi wa laƙabi da Yaƙin Shekara Ɗari bai daɗe da farawa ba. Yana ɗan shekara tara annobar 1348 ta share garuruwa. A 1356 Ingilishi suka kama mahaifinsa, Sarki Jean, a fagen Poitiers. A 1360 shi kansa aka kai shi Ingila jingina a madadin uban, daga baya ya karya alkawari ya gudu, uban ya koma Landan da ƙafarsa don fitar da kansa kunya, ya mutu a can a 1364. Mutumin da ya ga wannan duka, yunwa da annoba da yaƙi ba labarin littafi ba ne a wurinsa. Masana sun lura cewa wasu mayaƙan ɓarna da ke jikin dardumar suna sanye da kwalkwali da sulke irin na zamanin, har wasu na ganin Ingilishi ake nufi da su.

A shekarun 1370 aka fara aikin. Mai zanen sarki, Jean Bondol, wanda ake kira Hennequin na Bruges, shi ya fitar da hotunan, bayan Louis ya aro wani littafin Wahayi mai zane daga ɗakin karatun yayansa. Wani attajirin Paris mai fataucin irin wannan kaya, Nicolas Bataille, shi ya karɓi kwangilar, aka saƙa a masaƙar Robert Poisson. Wajen 1382 aka gama. Ƙyalle shida ne, kowanne ya kai mita 23 a tsawo da mita 6 a tsayi, jimla kusan mita 140, ɗauke da hotuna 90. Gwanin masaƙi a irin wannan aiki, abin da zai iya a wata guda bai wuce kamar murabba'in mita ɗaya ba. Dardumar kuwa ta haura murabba'in mita 800. Sai mai karatu ya ƙiyasta hannaye nawa suka zauna a kanta, ban da masu kaɗi da masu rini, waɗanda ba a rubuta sunan ko ɗayansu ba. Louis bai more ta ba. Ya mutu a Italiya a 1384 yana neman gadon sarautar Naples.

Akwai abin da ban gane ba sai da na tsaya a ɗakin nan, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Ba don a rataye ta kullum aka yi ta ba. A naɗe take zama a cikin akwatuna, sai babbar rana ta zo a fito da ita. A 1400 an ɗauke ta har Arles, can kudancin ƙasar, aka kewaye tsakar gidan babban bishop da ita don bikin auren Louis na Biyu, ɗan Louis na Ɗaya, da Yolande ta Aragon, aka gama biki aka naɗe. Da jikan Louis na Ɗaya, Sarki René, ya mutu a 1480, ya bar ta wasiyya ga babban cocin Angers, su ma a ranakun bukukuwansu suke rataye ta. Kamar alkyabbar sarki ce, wadda ke kwana a adaka shekara guda, ta fito ranar hawan salla, jama'a su gani, ta koma. Abin da ya raya ta shekara 400 ke nan: ba a cika ganinta ba.

Sai zamani ya juya mata baya. A ƙarni na 18 masu ido da kwalli na lokacin suka ce irin wannan aiki ƙauyanci ne. A 1782 limaman cocin suka sa ta a kasuwa, ba wanda ya taya. Juyin juya hali ya zo, aka yayyanka ta. Da wani yanki aka riƙa lulluɓe itatuwan lemo don kada sanyi ya kashe su, wani ya zama bargon dawaki, wani abin share ƙafa a bakin ƙofa. A 1843 hukuma ta yi gwanjon abin da ya rage a matsayin tsumma, bishop na garin, Angebault, ya saya a kan faran 300. Wani limamin coci mai suna Joubert ya ɗauki abin a ka. Ya bi gidaje da bargogin dawaki yana tsinto guntaye, ya sa aka wanke, aka ɗinke, aka sake saƙa inda ya ɓule. Masu gyaran yau ba za su yi duk abin da ya yi ba, don a zamaninsa ba a jin tsoron cika gurbi da sabon zare. Amma ba ni da bakin zarginsa. Da bai tashi ba, da yau ba abin da za a yi gardama a kansa. Abin da ya tsira ya ɗan haura mita 100, tsayinsa ya ragu zuwa kamar mita huɗu da rabi, kuma rubutun da ke ƙarƙashin kowane hoto a da ya tafi.

Daga nan ne tambayar ta canza. A da ana tambaya ne yadda za a cece ta. Yanzu kuma sai aka koma tambayar yadda za a nuna ta, ga kowa, kowace rana. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yanke shawarar mayar da ita fada, mai tsara gine-gine Bernard Vitry ya gina mata wannan dogon ɗaki, aka buɗe a 1954. A nan mutum zai iya ganin kusan dukkanta a ɗaki guda. Vitry ya so jama'a su gan ta sosai, saboda haka ya yi wa ɗakin manyan tagogi, rana na shigowa. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma rana ba ta san niyya ba. Launi ya riƙa tashi shekara bayan shekara, ba wanda ya gani da idonsa a yini guda. Aka sa labule, bai wadatar ba.

A farkon shekarun 1980 aka cire shafin da aka ɗinka mata a baya don a gyara, sai masu aikin suka ga abin da ya ba su mamaki ya kuma sosa musu rai. Masaƙan ƙarni na 14 sun ɓoye bakin kowane zare, har bayan dardumar ya fito tsaf kamar gabanta, hoton ne kawai ya juya. Kuma da yake bayan bai taɓa shan haske ba, launinsa na nan: kore shar, ruwan ɗorawa, ruwan lemo, ja wur. A gaba kuwa ciyawa da ganyaye duk sun koma shuɗi-shuɗi. Dalilin a rini yake. Ja daga saiwar wani tsiro ne da suke kira garance, ruwan ɗorawa daga gaude, shuɗi daga pastel. Kore ba shi da tsironsa, sai an tsoma zare a shuɗi an kuma tsoma shi a ruwan ɗorawa. Ruwan ɗorawan shi ne mai raunin, haske ya cinye shi ya bar shuɗin. Shi kuwa shuɗin pastel, sinadarinsa ɗaya ne da na baban da marinan Ƙofar Mata ke zubawa a karofi, tsiron ne ya bambanta. Na ji daɗin sanin haka, ban kuma yi mamakin cewa shi ya fi jurewa ba.

A 1996 aka sake fasalin ɗakin ya zama yadda muka same shi. An toshe tagogi, an shafe bango da launi mai duhu, an tsayar da sanyin ɗakin a wajen digiri 19, an rage haske zuwa kamar lux 40. Don a gane ƙanƙantar wannan, hasken ofis yakan kai lux 300 zuwa 500, na tsakar rana kuwa dubbai ne masu yawa.

Yaron ya taso ya same ni a gaban hoton Sabuwar Urushalima, birni mai hasumiyoyi yana saukowa daga sama bisa shuɗi. Ya ɗaga wayarsa ya ɗauka, hoton ya fito dishi-dishi, kuma an hana kunna fitilar waya. Ya ce, "Kawu, mutum ya biya kuɗi ya shigo, me zai hana su ƙara wutar ko kaɗan ne?" Na ce, "Ɗana, duk abin da aka ƙara maka, daga rabon jikanka aka ɗebo." Ba wasa nake masa ba. Ɓarnar haske taruwa take, ba ta warkewa. Awa ɗaya a haske mai ƙarfi da awa goma a mai rauni duk lissafi ɗaya suke shiga, kuma launin da ya tashi ba mai dawo da shi. Wanda aka ɗora wa shirya nunin tsohuwar saƙa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba, yana yanke hukunci ne a kan yawan kwanakinta da zai kashe a kan mutanen zamaninsa.

Haske ma ɗaya ne daga cikin abokan gaba. Na biyu nauyinta ne. Irin wannan darduma a kwance ake saƙa hotonta, wato masaƙi yana ganin mutanen ciki a kishingiɗe, kuma ta baya yake aiki. In an gama aka rataye, zaren da aka ja a jikin masaƙa, wanda shi ne mai ƙarfin, sai ya koma kwance, nauyin duka ya sauka a kan zaren launi, mai laushi. Ga shi kuma duk inda launi biyu suka haɗu a miƙe akan bar tsaga, a ɗinke da allura daga baya. Shekara da shekaru a rataye, waɗannan ɗinkunan ne ke fara buɗe baki. Shi ya sa aka bar rataya da ƙusa ko zobe, waɗanda ke tara nauyi a wuri guda. Yanzu maɗaurin Velcro ake ɗinkawa a jikin shafi, a manna a bango, nauyin ya rarrabu. Wasu gidajen tarihi sukan ɗan kishingiɗar da bangon ma, don ƙyallen ya samu abin jingina.

Sai ƙura, wadda baƙi ke shigowa da ita a tufafi da takalma, ta kwanta a kan ulu ta riƙe danshi. Sai asu, wanda ulu ne abincinsa, don haka ake ɗana masa tarko a lunguna ana dubawa. Sai laima: in ta yi yawa ƙyalle ya yi fumfuna, in ta yi kaɗan zare ya bushe ya karye, in tana hawa tana sauka kuma ya yi ta kumbura yana motsewa har ya gaji. Numfashin jama'a kansa yana cikin lissafi. A 2016 hukumar al'adu ta yankin ta sa ƙwararru suka kafa tsani suka bi dardumar hoto bayan hoto, suna rubuta kowace tsaga da kowane tabo, suka sauke wasu don a duba bayansu. Irin wannan aiki ba ya fitowa a hoton talla, amma shi ne ainihin nunin. Abin da baƙo ke gani ragowarsa ne.

Akwai kuma shawarwarin da ba na kimiyya ba. Inda hoto ya ɓata, an bar gurbinsa fayau, ba a matso da na kusa don a rufe ba. Na yaba da wannan ƙwarai. Gurbin yana gaya maka gaskiya, cewa a nan akwai abin da wani ya yanka ya shimfiɗa wa doki. An kuma tsayar da baƙo nesa kaɗan, yadda hannu ba zai kai ba, ga matakala a baya ga mai son ya zauna ya ga jerin sama. Bayani kuwa ba a cika bango da shi ba, takarda ake ba ka ko na'urar saurare. Nan ne na ga rauni. A da kowane hoto da rubutunsa a ƙasa, saƙaƙƙe, mai kallo na karantawa yana tafiya. Yanzu wanda bai san littafin ba, kamar ni, sai ya yi ta kai ido takarda cikin duhu yana dawowa. Ban san yadda za a magance wannan ba tare da ƙara fitila ba, amma na tabbata rashin ya rage wa baƙo wani abu.

In aka ce in faɗi ra'ayina, ina bayan duhun, har ma ina ganin bai isa ba. Ƙyallen da aka yi don ya fito 'yan kwanaki a shekara yanzu ya haura shekara 70 a tsaye ba hutu. Da ni ke da iko, da sai in riƙa sauke wani sashe ana kwantar da shi bi da bi, a sa hotonsa a gurbin, a gaya wa baƙo dalili. Na san abin da za a ce: darajar Angers ita ce ganin abin gaba ɗaya, mutum ya taka da ƙafarsa daga hoton farko har zuwa sabon birni, kuma wanda ya zo daga nesa ya tarar an sauke mahayin da ya zo gani ba zai ji daɗi ba. Gaskiya ne, ni ma da na tarar babu shi da raina ya ɓaci. Amma ɓacin raina na yini ɗaya ne.

Da muka fito rana ta kashe mana ido. Muka ci abinci, muka haye kogin zuwa tsohuwar unguwar da ke ƙetare, inda wani asibiti na ƙarni na 12, Saint-Jean, ya zama gidan tarihi. A babban zauren da a da marasa lafiya ke kwana, an rataye darduma goma na Jean Lurçat. Shi mai zane ne da ya zo Angers a ƙarshen shekarun 1930, ya ga tsohuwar dardumar, ta sauya masa rayuwa. Ya lura cewa masaƙan da ba su da launuka masu yawa sun fi na baya, masu ɗaruruwan launi, ƙarfin magana, sai ya koma garin Aubusson ya farfaɗo da sana'ar bisa wannan darasi. A 1957 ya fara nasa amsar, Le Chant du Monde, ya mutu a 1966 bai gama ba. Nasa tashin alƙiyamar bam ɗin nukiliya ne. Akwai mutumin Hiroshima, tsaye, naman jikinsa na zubewa. Launukan Lurçat har yanzu suna ihu, ruwan ɗorawansa na nan da ƙarfinsa. Ina kallo ina tunanin cewa haka waccan take a idon mutanen Arles a 1400, kuma masu kula da wannan zaure sun riga sun ga abin da ke jiran su a ƙetaren kogi in suka yi sake.

Da yamma a ɗakin yaron muka shiga zancen dardumar Bayeux, don a lokacin gardama a kanta na kan ganiyarta a Faransa. Ita waccan ɗinkin allura ce a kan lilin, mai tsawon kusan mita 70, tana ba da labarin cin Ingila da Normandawa suka yi a 1066. A Yulin 2025 Shugaba Macron ya sanar cewa za a ba Gidan Tarihin Birtaniya aronta yayin da ake gyaran gidanta. Masu gyaran tufafin tarihi da yawa suka ɗaga murya, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke, suna cewa ƙyallen da ya kusa shekara dubu, mai ɗauke da tsaga da huji, ba ya son girgizar hanya. Yaron yana ganin zumuncin ƙasashe biyu ya cancanci kasadar. Ni ban yarda ba. Shugabanni na da hanyoyi da yawa na nuna zumunci, ƙyallen kuwa guda ɗaya ne. Ta Angers, wadda UNESCO ta shigar cikin kundinta na abubuwan tunawa na duniya a 2023, ta yi sa'a girmanta ya sa ba mai saurin tunanin ɗaukarta.

Yaron ne ma ya ba ni labarin da ban sani ba. A 2020 wani shagon sayar da kayan tarihi a Paris yana kaye-kayen ma'ajiyarsa, sai aka ci karo da guntaye kusan 30 na tsohuwar saƙa. Bincike ya nuna daga jikin dardumar Angers suka fito, masu shagon kuma suka mayar da su kyauta. Aikin da ya rage wa masana shi ne gano gurbin kowanne, sannan a yanke shawara: a haɗa su da uwarsu a bango kowa ya gani, ko a kwantar da su a ma'ajiya inda haske ba ya kaiwa. Yaron ya ce a rataye, ai don a gani aka yi su. Na ce a kwantar, a buga hotonsu da girmansu na gaskiya a ajiye a bakin ƙofar ɗakin, gaba da baya, don mai shiga ya san irin koren da idonsa ba zai tarar a ciki ba.